Baƙon Haske a Saman Njuwa: Wa Za A Tambaya?

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Yola ko Jimeta ya san cewa daga watan Maris zuwa Afrilu ɗaki ba ya kwanuwa. Zafi kan haura maki 40 a ma'auni, ga wutar lantarki sai ta ga dama, saboda haka da zarar an idar da sallar lisha sai ka ga kowa ya jawo tabarmarsa ko katifarsa zuwa tsakar gida ko ƙofar zaure. Wannan ne ya sa nake ganin mutanen wajenmu sun fi mutanen garuruwa da dama kallon sama, domin wanda ya kwanta rigingine a fili ba shi da wani abin kallo sai ita. In kuwa mutum ya fita daga cikin gari ya nufi wajen tafkin Njuwa, inda babu fitilun titi, to nan ne zai ga taurari yadda Allah ya shimfiɗa su. Njuwa dai shi ne tafkin nan da ya yi suna da bikin kamun kifi na shekara-shekara, wanda masunta daga Rugange da Njoboliyo da sauran ƙauyuka kan haɗu dominsa, kafin yashi da laka su cike babban ɓangarensa har bikin ya yi shekaru ba a yi ba. Kifi ya ragu, amma duhun wurin da faɗin samansa suna nan.

Abin da nake so mu duba tare, 'yan'uwana ɗalibai, shi ne hasken da kan bayyana a wannan sama wanda ba mu da sunansa. Bahaushe ya raɗa wa abubuwan da ya saba gani suna tun fil'azal. Akwai Zara, wadda ake ce wa matar wata, akwai gamzaki na asuba, akwai kaza da 'ya'yanta, akwai tauraruwa mai wutsiya. A Fillancin da na tashi da shi muna ce wa tauraro hoorre, jam'insa koode. Wanda kuma ya tsinke ya ja layi ya ɓace nan take, tun muna makarantar allo aka gaya mana jifan shaiɗanu ne masu satar jin labarin sama. Duk waɗannan ba sa tayar wa kowa hankali, don abin da yake da suna an riga an san mazauninsa. Sai ranar da wani haske ya zo wanda bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba, sa'annan ne gari kan ɗauka, kowa da abin da yake faɗa.

Irin wannan ya taɓa faruwa a nan kusa da mu. Da maraicen ranar 3 ga Agusta, 1974, wani dutse ya faɗo daga sama a yankin Mayo Belwa, kudu maso yamma da Yola. Nauyinsa kilo 4.85 ne. An kai shi Kaduna, wurin ma'aikatar binciken ƙasa da ma'adinai, daga nan kuma masana a Landan suka yi nazarinsa suka buga sakamakon a 1977. Sun gano cewa yana cikin wani jinsin duwatsun sama mai wuyar samu ƙwarai, wanda ake kira da sunan ƙauyen Aubres na Faransa, inda irinsa ya faɗo a 1836. Yau duk wani mai nazarin duwatsun sama a duniya ya san sunan Mayo Belwa, alhali da yawa daga cikinmu da muke bin hanyar zuwa Jada da Ganye ba mu taɓa jin labarin ba. Kafin wannan, a ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, 'yan taku kaɗan daga wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa, kuma daga baya bincike ya tabbatar cewa ɓallin duniyar Mas ne. Haka kuma a watan Afrilun 1984 mutanen wani ƙauye a yankin Gujba sun ga dunƙulen wuta ya keta sama, suka ji ƙara, da suka sami dutsen sai suka farfasa shi kowa ya ɗauki rabonsa.

A duk waɗannan wurare haske ya bar shaida a ƙasa, abin da hannu zai taɓa a ɗora a sikeli, don haka aikin ya zama na masana duwatsu. Matsalar tana ga hasken da ya zo ya wuce bai bar komai ba sai baki da baki. A ƙasashe da dama, irin wannan soja ne ke bincikensa.

Da farko abin ya ba ni mamaki. Me ya haɗa soja da taurari? Amsar ita ce, sama ma iyaka ce, kamar yadda Belel da Gurin suke iyakarmu da Kamaru. Abin da ya shigo sararin ƙasa ba a san shi ba, tilas mai gadin ƙasa ya tambaya ko na abokin gaba ne. A ranar 24 ga Yuni, 1947, wani matuƙin jirgi mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga abubuwa tara masu ƙyalli suna gudu kusa da dutsen Rainier a Amurka. 'Yan jarida suka kwatanta su da faranti mai tashi, kafin ka ce kwabo rahotanni sun cika ƙasar. Lokacin kuwa an fara zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kowa na tsoron ɗan'uwansa ya ƙera wani makami a ɓoye. Sai rundunar mayaƙan saman Amurka ta buɗe ofis na musamman, wanda daga 1952 aka san shi da Shirin Shuɗin Littafi, a wani sansani da ke jihar Ohayo. Da aka rufe shi a watan Disamban 1969, an tara rahoto 12,618. Mafi yawansu an gano taurari ne, ko jirage, ko balan-balan na auna yanayi, ko gajimare. Guda 701 ne aka rubuta a kansu cewa ba a gane ko mene ne ba.

A nan ne nake so ɗalibin harshe ya buɗe kunnensa. Cewa ba a gane abu ba magana ce a kan mai kallo da ƙarancin bayanin da ke hannunsa. Amma da labarin ya bi ta bakin mutane sai ya rikiɗe ya koma an ga jiragen halittun wata duniya har 701. In ka hango mutum daga nesa a gadar Jimeta da magariba ba ka shaida shi ba, ai ba za ka ce aljani ne ba, cewa za ka yi duhu ya hana ka ganin fuskarsa. Ofishin da ma'aikatar tsaron Amurka ta sake kafawa a 2022 domin wannan aiki ya fitar da rahoto a watan Maris na 2024, inda ya ce bai sami wata shaida ta ƙirar da ta fito daga wajen duniyar nan ba. Ingila kuwa tun a Disamban 2009 ta rufe nata teburin, bayan fiye da shekara hamsin tana karɓar rahoto, bisa dalilin cewa ba ta ga abin da ke barazana ga ƙasa ba.

To amma kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk abin da soja ya faɗa shi ke nan. A 1997 wani masanin tarihi na hukumar leƙen asirin Amurka ya rubuta cewa kaso mai yawa na abubuwan da mutane suka gani a ƙarshen shekarun 1950 da cikin na 1960 jiragen leƙen asirin ƙasar ne, irin su U-2, waɗanda ke tashi can ƙololuwa inda rana ke haska su bayan ta faɗi ga mutanen ƙasa. Masu binciken kan duba jadawalin tashin jiragen su gane, amma ba su da izinin faɗa, sai su ba jama'a wani bayani daban. Wato wani lokaci mai binciken hasken shi ne mai hasken. Haka ya faru a birnin Finiks a daren 13 ga Maris, 1997, inda dubban mutane suka ga jerin fitilu a sama, sai bayan watanni aka bayyana cewa wasu daga cikinsu wutar haska fili ce da jiragen yaƙi suka saki a wurin atisaye. Kafin bayanin ya fito jita-jita ta riga ta yi gida, kuma har yau akwai waɗanda ba su yarda ba. Ni ban ga laifinsu sosai ba.

Akwai kuma inda sojan ne da kansa ya ruɗe. A ƙarshen Disamban 1980 sojojin Amurka da ke wani sansani a gabashin Ingila sun shiga dajin Rendlesham cikin dare suna bin wasu fitilu. Mataimakin kwamandansu, Laftanar Kanar Charles Halt, ya rubuta wa ma'aikatar tsaron Ingila takarda a ranar 13 ga Janairu, 1981, ita kuwa ta ce ba ta ga abin da ya shafi tsaro ba. Waɗanda suka bi diddigi daga baya sun nuna cewa a daren farko wani babban dutsen sama ya ƙone a sararin kudancin Ingila, sa'annan a daidai saitin da sojojin suke kallo akwai hasumiyar shiryar da jiragen ruwa wadda fitilarta ke walƙawa duk bayan daƙiƙa biyar. Kaki da bindiga ba sa hana ido ruɗuwa da dare.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Kolares, domin mutanen wurin masunta ne kamar na Njuwa. Kolares tsibiri ne a jihar Para da ke arewacin Birazil, kusa da inda manyan kogunan yankin ke shiga teku. A 1977 mutanen wurin suka fara cewa wani haske na saukowa da dare yana ƙona su a jiki, wasu ma suka ce jini yake tsotsa, har suka raɗa masa suna da kalmarsu ta tsotsa. Tsoro ya kai ga maza sun daina fita su da dare, ana kwana a taru wuri guda ana hura wuta ana buga gwangwani don a kore shi. Ka duba, masunci ya bar koma a gida saboda haske, me iyalinsa za su ci? Shugaban garin ya nemi taimako, rundunar mayaƙan sama ta aiko da ayari a ƙarƙashin Kyaftin Uyrangê Hollanda. Sun yi watanni suna kwana a bakin ruwa da na'urorin ɗaukar hoto, suna rubuta bayanin mutane ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe aka rufe binciken ba tare da an tabbatar da wani abin al'ajabi ba, aka kulle takardun shekaru da yawa kafin a saki wasu zuwa ma'adanar tarihi ta ƙasar. Abin da na ɗauka daga wannan labari shi ne, hukuma ta ga ya dace ta zauna da talaka ta tambaye shi ƙarfe nawa ya gani, daga wace kusurwa, na tsawon wane lokaci. Inda ta gaza kuwa, ba ta dawo ta gaya masa abin da ta samu ba.

Mu a Adamawa ba sai an gaya mana yadda haske a sama ke tsinka zuciya ba. Ina ɗan shekara goma sha biyu lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014. Yola da Jimeta suka cika da 'yan gudun hijira, gidanmu kaɗai sai da muka sauki iyali biyu. Makonni kaɗan kafin haka, a ranar 12 ga Satumba, wani jirgin yaƙi ya tashi daga Yola da matuƙa biyu bai dawo ba. A wancan lokaci duk fitilar da ta gifta da dare sai tsakar gida ta yi tsit, manya su bi ta da ido har ta ɓace, sa'annan wani ya ce namu ne, a ci gaba da hira. Akwai wata yarinya cikin baƙinmu da ko tauraro ne ya tsinke sai ta ruga ɗaki. Wanda ya rayu cikin wannan hali, tambayar mene ne wancan a wurinsa tana nufin mu gudu ko mu zauna.

Shekaru bayan haka, da wani hutu, na raka bappana gonarsa ta rani a gefen Njuwa. Mun yi magariba can muna harhaɗa injin ban-ruwa, sai ga wasu fitilu sun taso daga yamma a jere, ɗaya na bin ɗaya kamar ƙwayoyin carbi, babu ƙara, babu walƙiya. Sun fi ashirin. Wani maƙwabcin gona ya fara salati da ƙarfi, wani ya ce makamai ne aka harbo, wani yaro kuma ya ce ayarin aljanu ne za su biki.

Bappa ya dube ni ya ce, "To ɗan jami'a, ku da kuka yi karatu, wannan fa?"

Na ce, "Bappa, taurarin ɗan'adam ne na wani kamfanin intanet, Starlink. Da yawa ake harba su lokaci guda, kafin su warwatsu sai su yi 'yan kwanaki suna tafiya a jere."

Ya ce, "Fitila aka sa musu?"

Na ce, "A'a Bappa, hasken rana ne. Mu ta faɗi mana, amma su da suke sama da nisan ɗaruruwan kilomita har yanzu tana dukansu. Ka jira ka gani, suna shiga inuwar duniya za su dushe."

Haka kuwa aka yi, kafin su kai gabas suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Bappa ya yi shiru, can ya ce, "To ai da sai su yi shela a rediyo." Ya sunkuya ya ci gaba da naɗe tiyo.

Wannan magana ta shela na daɗe ina juya ta. An fara harba waɗannan taurari rukuni-rukuni a watan Mayun 2019, kuma Nijeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da kamfanin ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023. Ana iya lissafa daren da za su gifta da mintin da za su bayyana tun kafin lokacin. Ƙasarmu tana da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, ta kuma harba tauraronta na farko a Satumban 2003. Ashe ilimin yana nan, abin da ya rage shi ne wanda zai faɗe shi da harshen da manomin Njuwa yake ji. Bayanin ma ba mai wahala ba ne. Jirgin sama yana da jar fitila a fiffiken hagu, koriya a na dama, da fara mai walƙiya, kuma in ka saurara za ka ji rugugi. Tauraron ɗan'adam haskensa a tsaye yake, tafiyarsa shiru, kuma an fi ganinsa jim kaɗan bayan magariba ko gabanin asuba. Dutsen sama kuwa ƙiftawa da bisimilla ne, da wuya ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Ita kuma Zara, wadda ta ruɗi matuƙan jirage da 'yan sanda a ƙasashe da yawa, ba ka taɓa samunta a tsakiyar sama da tsakar dare.

Mu ɗaliban Hausa muna da namu kason a nan, domin kowace shela da kalma ake yin ta. Magabatanmu ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Wanda ya ƙirƙiro tauraron ɗan'adam ya yi gwaninta, don a kalma biyu ya faɗi kamannin abin da kuma wanda ya yi shi. Kumbo ma haka. A 1969, shekarar da aka sauka a kan wata kuma aka rufe Shirin Shuɗin Littafi, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya ɗauki yaro ya kai shi yawon sararin sama da Hausa tsantsa. Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Afolo waƙa. Har ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a wannan shekara sunan kumbon aka laƙa masa, muna kuma kiransa afolo har gobe, ko da yake babu ruwan wata da jan ido.

Amma ga abin da Turawa ke taƙaitawa da haruffa uku, wato abu mai shawagi da ba a tantance ba, har yanzu bakinmu bai zauna a kan kalma ɗaya ba. Na ji masu cewa jirgin aljanu, na ji masu cewa jirgin halittun wata duniya. Duka biyun sun yanke hukunci tun ba a yi shari'a ba, kuma mai fassara labarai da ya yi amfani da su ya ƙara wa labarin abin da ba ya ciki. Faifai mai tashi yana da daɗin faɗa, sai dai yawancin abin da ake gani ba shi da siffar faifai, ɗigon haske ne kawai. Ni abin da na fi so shi ne baƙon haske, ko baƙon abu in da rana aka gan shi. Dalilina kuwa, a al'adarmu baƙo shi ne wanda ba a riga an san sunansa da garinsu ba, kuma abin da ake yi masa shi ne a tambaye shi. Ranar da aka sani ya tashi daga baƙo. Wani abokin karatuna Bakano ya ce kalmar ta yi sanyi da yawa, ba za ta sayar da jarida ba. Na ce masa ai wanda ya kwana da 'yan gudun hijira a tsakar gidansu sanyin yake nema. Ina roƙon masu karatu da malamanmu su auna ta, in akwai wadda ta fi ta a kawo a fitowa ta gaba.

Sa'annan akwai aikin da ke jiran mai naɗar murya. Rahoton masanan Landan ya faɗi nauyin dutsen Mayo Belwa da ma'adinan da ke cikinsa dalla-dalla, amma abin da ni nake so in ji shi ne kalmomin da mutanen wurin suka yi amfani da su a wannan maraice, da sunan da suka kira abin kafin a zo a tafi da shi. Wanda yake ɗan shekara goma sha biyar a 1974 yau ya haura sittin da biyar. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen zango, na ƙudura zan shiga mota a tashar Jimeta in je in nemi dattawan da suka gani da idonsu, in tambaye su da Fillanci in rubuta da Hausa. Duk wanda yake da dangi a can, ko yake sha'awar mu tafi tare, ya same ni a sashe bayan lacca.